Barista Idi da Shari'ar da Ya Ƙi Karɓa

Ina tsaye a tashar jirgin Woolwich a Landan wayar Hajiya Rabi, mai ɗakin Barista Idi, ta shigo. "Hadiza, Babanku ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jirgi ya zo ya wuce, ban shiga ba.

A ofishinsa na koyi aikin lauya. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe, sai dai ka haƙura. Yakan ce mana, "Kunnen lauya ba nasa ba ne, na wanda ya yi masa magana ne."

Ban gane wannan magana ba sai shekarar da majalisar wata ƙasa ta tashi tsige shugabanta, ta nemi Barista ya jagoranci lauyoyinta. Wallahi har rawa na taka a ofis. Irin shari'ar da ya yi ta jira ke nan tun ƙuruciya.

Sai ya ce, "A yi cancel."

"Baba, me ya sa? Ai shugaban bai taɓa ɗaukarka lauya ba!"

"Lokacin da yake gudun hijira a Abbey Wood, ni na tsaya waliyyin 'yarsa. Da aurenta ya yi tsami, a falona ta zauna ta amayar da cikinta. Mijin nan nata yana cikin waɗanda ake tuhuma."

"To wa ya sani?"

"Ni na sani, Hadiza."

Da mutanen shugaban suka ji, suka zo da murnarsu suna so ya kare shi. Su ma ya ba su shayi ya sallame su. Ya sha suka kuwa. A masallacin Tottenham wasu suka ce matsoraci ne, wasu suka ce an saye shi. Bai tanka ba, domin in zai wanke kansa sai ya tona yarinyar. Ni ma na yi fushi da shi, kuma ya bar ni da fushina.

Ranar sadakar uku wata mata ta shigo, ta durƙusa gaban Hajiya tana kuka. "Mama, duniya ta tone komai na gidanmu. Abin da na faɗa a falon nan kaɗai ne ban taɓa ji a bakin kowa ba."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na 'yar mutane. Ya ba Hajiya da yaran haƙurin rashinsa. Amin.