Kujerar Malam a Gidan Burodi

Mun tashi da asuba daga Mugulbu, kwana uku da fitata takaba. Surukata, matar ɗana, ce ta raka ni, ita ce kuma ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba. Masu gidan burodin Lokuwa, inda mijina Malam ya shekara ashirin yana gashi, sun aiko suna son ɗana ya maye gurbinsa. Na ce sai na gani da idona, don a raina wutarsu ce ta cinye mini miji.

Babur muka hau. Masara ta yi kyau hagu da dama, amma ramukan hanya sai da na riƙe mayafi da ɗan abin da ya rage mini na haƙori. Muka haye mayo, wato kogi, muka shiga napep. Da direban ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko Yola zai kai mu. Surukata ta sayi ƙosai mai zafi, na kasa ci.

Ƙamshin da Malam ke dawowa da shi a riga ne ya fara tarbata. A ƙofar na fashe da kuka. Ma'aikata suka fito da fulawa har gwiwar hannu suna yi mini gaisuwa. Wata mai kwaɓi ta zaunar da ni. Ta ce ranar Juma'a Kiristoci ke riƙe wuta, Lahadi Musulmi. Wanda ya kwanta ciwo yakan dawo ya tarar da wurinsa. Inda ta fara aiki ma akwai wannan dokar, amma kowa gani yake dabarar kora ce, sai a ɓoye ciwo, burodi ya ƙone, mutane su watse. Nan kuwa sun yarda da mai gidan, ba mai barin aiki, ba mai satar jiki.

Mai gidan ya zo ya durƙusa, ya nuna mini wata kujerar roba a ƙarƙashin dalbejiya.

"Mama, tun da Baba ya fara tari muka raba shi da wuta. Shekara guda nan yake zama, yana taɓa kwaɓi yana koya mana. Shi ya ce kada a faɗa miki, wai za ki hana shi zuwa."

A kan kujerar na zauna har azahar, ina kuka, ba wanda ya ce in yi shiru.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na gano shi ne, doka mai kyau ba ta isa ba sai ma'aikaci ya yarda don shi aka yi ta. Ɗana na jira a zaure. Na miƙa masa burodin da suka ba ni, na ce ya sa wa keken babansa iska, gobe akwai sammako.