Takalma a Ƙofar Halliru Mai Majigi

Shekara ashirin da shida shagona yana kallon gidan kallon Halliru a Goronyo. Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi, shi kuma fim yake nunawa, tsakaninmu kwata ce kawai da bishiyar dogon-yaro. Saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Sunana Lawwali, kuma gara in faɗa tun yanzu: har yau ina jin haushin Halliru, ina jin haushin kaina, kuma duk garin nan babu wanda nake tausayi kamarsa.

Gidan kallon ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Doguwar rumfar kwano ce aka zagaye da bulo, babu benci ko ɗaya sai tabarmi. Duk wanda zai shiga dole ya tuɓe takalmi a ƙofa, ko ɗan gidan wa ye shi. Daga nan Halliru ya samo ɗabi'ar da aka san shi da ita. Da zarar fim ya kankama bayan la'asar, sai ya fito ya goya hannu a baya, yana ƙirga takalma kamar mai kaji da magariba. Kuma ba ƙirga kawai yake yi ba, karanta su yake. Takalmin roba mai laka na 'yan fadama ne, silifa mai ƙarnin kifi na masuntan bakin dam, sau-ciki mai sheƙi kuwa na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti.

Ran kasuwa yakan ɗaure lasifika a bayan keke, daga baya babur, ya zagaya rumfuna yana yi wa fim kirari. Ya kira sunan wanda ya shirya shi, ya kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan tsakuro labarin ya bar mutane da ƙaiƙayi. Amma ba ya ƙarya, wannan ko maƙiyinsa ya shaide shi. In ya san fim ba zai yi wa mutanensa daɗi ba, sai ya rubuta shi da alli a allon ƙofa, ya zauna ya ja bakinsa. Har abin ya zama magana a gari: in Halliru ya yi shiru, ka riƙe kuɗinka.

Mafi yawan finafinan da yake yi wa shiru su ne waɗanda aka sa a gasa. Malam Rufus, wani malamin sakandare mutumin Zuru da ya daɗe a cikinmu, shi ke kawo labarinsu daga jarida, yana murna kamar shi za a ba lambar yabon. Halliru ya nemo fim ɗin don girmama Malam, ya nuna, sa'an nan ya fito ya ƙirga. Zamanin kaset, fim mai waƙa da faɗa yakan tara takalman mutum ɗari da hamsin, na gasa ya tara sittin. Da faifai ya zo, wancan ya koma casa'in, wannan ashirin da 'yan kai. Da aka fara tura fim a waya, yara suka koma kallo a ƙarƙashin bargo, na gasa in ya sami goma to ya yi kasuwa, su ma duk sau-ciki.

"Malam, masu ba da lambag ga ba su taɓa zama bisa tabarmata ba," in ji Halliru. "Mutum ya wuni cikin laka shina dashen albasa, sa'an nan ka ce shi biya kuɗi shi zo shi ga wani na kuka awa biyu?"

Malam Rufus ya ce ai abu mai kyau ba ya tara jama'a. Ni kuwa na ce da su duka biyu su rage murya, ina sauraron ƙarar inji.

Yanzu sai in kawo maganar Musaddiq. Shi ne ɗan farin Halliru, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi Wurno wurin yayan Halliru, Alhaji Shafi'u, can ya girma, can ya yi makaranta. Alhaji yake kira Baba, Halliru kuwa Baba Ƙarami. In ya zo hutu, Halliru yakan ce da ni, "Yaron Wurno ya taho," yana duban wani wuri daban. Amma ni na san wanda ke hawa babur ya tafi Wurno duk ƙarshen wata, wai gaida yaya, ya dawo yana ba ni labarin abin da yaron Wurno ya ci a jarrabawa.

Yaron ya tashi da son fim, jini ba ya ɓuya. Ya yi karatu a Sakkwato, ya wuce Kano yana riƙe wa masu shirya fim kyamara shekara da shekaru. Daga baya ya shirya nasa, a kan wani tsohon masunci da ruwa ya cinye gidansa shekarar ambaliya, ya ƙi barin bakin ruwan. Babu waƙa a ciki, babu faɗa. Bara waccan, lokacin dashen albasa, Malam Rufus ya zo da sauri har yana tuntuɓe, ya ce an sa fim ɗin a wata gasa da ake yi a Abuja.

Bayan mako biyu sai ga Musaddiq da kansa. Ya durƙusa ya gaida Halliru, ya ce ba ya so a fara nuna fim ɗin ga jama'a a ko'ina sai a wannan rumfar. Halliru ya karɓi ɗan abin da aka sa fim ɗin a ciki, ya jefa aljihu kamar goro, ya ce, "To, a gani."

Washegari da hantsi ya kira ni, ya rufe ƙofa, muka kalla mu biyu. Ni dai ban iya kallon fim ba, amma na ga bakin ruwanmu, na ga yadda tsohon yake ɗinkin taru da yatsu masu rawa, sak mahaifin Halliru, Allah ya jiƙansa. Can na ji wani abu kusa da ni. Na waiga, na ga Halliru ya cire hula ya toshe baki da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Mutumin da ya ga finafinai sun fi dubu bai taɓa ko share ido ba.

Da aka gama ya mayar da hularsa kai. Sa'an nan ya ce, "Lawwali, tun da nike sana'ag ga ban taɓa nuna irinai ba." Ya kama hannuna ya ƙara da cewa, "Abin da kag gani yanzu, amana ta. Kak ka hwaɗa ma kowa."

Na ce na ji, amma gobe kasuwa, ya ɗauko lasifika.

Ya dube ni kamar na zage shi. "In hita kasuwa in kira sunanai? In yi mai kirari gaban jama'a? Mi za a ce da ni?"

"A ce abin da za a ce! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Halliru. Ka san abin da shirunka ka nuhi a garin ga."

"Manya sun sani," in ji shi. "Za su gane."

To, manya sun sani, gaskiya ne. Amma yaushe rabon manya da zama a gidan kallo? Masu cika tabarmin samari ne, kuma su a wurinsu Musaddiq ɗan Alhaji Shafi'u ne na Wurno. Ran kasuwa babur ɗin Halliru bai motsa daga gindin dogon-yaro ba. Ya ɗauki alli ya rubuta a allo: fim ɗin wani yaro na Wurno, an sa shi a gasa. Ko sunan bai iya rubutawa ba.

Na rufe shago na shiga kasuwa da ƙafa, ina tare samari ina gaya musu ɗan Halliru ne na cikinsa ya yi fim ɗin. Wani mai sayar da kifi ya yi dariya ya ce, "Ɗanai na kuma yay yi shiru? Ashe abin ya ɓaci ƙwarai." Yaran yanzu ke nan, masu ɗora hoton ɗan fari a fuskar waya tun ran suna. Ina za su san irin wannan shirun? Na so in kwaɗa masa mari, na tuna ba shi ya yi laifin ba.

Bayan la'asar aka kunna fim. Musaddiq ya sa sabuwar shadda, ya zauna can baya. Da aka yi nisa sai na ga ya fito, ya tsaya a ƙofa ya goya hannu a baya, sak ubansa, yana duban ƙasa. Takalman mutum tara ne. Bakwai sau-ciki, na Malam Rufus da waɗanda ya jawo, sai nawa, sai na Musaddiq. Halliru yana zaune a kan turmi ɗan nesa, ya juya baya yana gyaran wata waya da ba ta lalace ba.

Musaddiq ya matsa kusa da shi, ya rage tsawo. "Baba Ƙarami, ba ka hita da lasihika ba."

Halliru bai ɗago ba. Ni ya yi wa magana. "Lawwali, gaya mai gobe shi kama hanya da wuri, motocin Kano ba su jira."

Da safe ni na kai shi tasha a kan babur. Kafin ya shiga mota ya ce, "Kawu, don Allah gaya min gaskiya. Na san kunya, a garin ga aka haihe ni. Amma na san ɗayan shirun ma, na allo da alli. Wanne na wanga?"

Na ce kunya ce, wallahi kunya ce.

"Ya ce maka wani abu game da fim ɗin?"

Nan ne inda na kasa. Maganar tana bakina: hula, kafaɗu, abin da ya faɗa. Amma na ɗauki amana, kuma na ga kamar tsiraicin abokina zan buɗe a gaban ɗansa. Na ce a raina akwai lokaci, wata rana su daidaita da kansu. Sai na ce, "Ka san halinai, ba shi da yawan magana." Halliru! Mutumin da ake jin muryarsa daga kasuwa har bakin dam. Musaddiq ya yi ɗan murmushi, ya ce ya gode, ya shiga mota.

Fim ɗin bai ci gasar ba, wani aka ba. Malam Rufus ya ce a birane ma bai tara mutane ba, an nuna shi kwana uku aka sauke. Musaddiq ya koma riƙe wa mutane kyamara. Yakan kira Alhaji Shafi'u, ya ce a gaida Baba Ƙarami, bai ƙara zuwa Goronyo ba. Da damina ta yi tsaka zazzaɓi ya kama shi a Kano, bayan kwana huɗu aka bugo waya Wurno cewa ya rasu. Shekararsa talatin da ɗaya.

A wurin zaman makoki Alhaji Shafi'u ake yi wa ta'aziyya, shi ne uba a idon mutane. Halliru yana gefe yana miƙa wa baƙi ruwa, ko hawaye bai yi ba, har ana yaba ƙarfin halinsa. Ni na kasa zama. Na koma shago na kulle kaina na yi kukan da ban yi ba ran da uwata ta rasu, domin maganar da na hana yaron tana nan a wuyana, kuma babu sauran wanda zan kai wa ita.

Gidan kallon ya yi kwana arba'in a rufe. Ran kasuwar da ta biyo baya, ina gyaran wani inji, sai na ji lasifika ta yi ƙara. Na leƙo, na ga Halliru a kan babur ya nufi kasuwa. Na bi shi da hannuwa duk baƙin mai. Ya tsaya a tsakiyar 'yan albasa, ya kai abin magana baki. Sa'an nan ya ce, "Jama'a, yau akwai fim. Musaddiq yay yi shi. Musaddiq ɗana, ɗan farina. Ban taɓa nuna wanda yak kai shi ba." Muryar ta karye, ya sake kiran sunan, ya sake. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai. Kasuwa ta yi tsit, har awon hatsi aka dakata.

Ran nan takalma suka cika ƙofa, suka tsallake kwata, suka kai bakin shagona. Na roba masu laka, silifa, sau-ciki, har da na dattawan da ba su taɓa taka wurin ba. Waɗanda ba su sami wuri ba suka tuɓe nasu duk da haka, suka tsaya a waje suna leƙe ta taga. Babu wanda aka karɓi ko kwabo a hannunsa.

Da fim ya kankama Halliru ya fito, ya goya hannu a baya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Na tambaye shi nawa.

"Ɗari biyu da sha ukku," ya ce. "Ko zamanin kaset ban ga haka ba." Ya daɗe yana duban takalman, sa'an nan ya juyo gare ni. "Lawwali, ran da kak kai shi tasha, ka gaya mai abin da kag gani, ko? Na san bakinka ba shi riƙe magana."

Yana kallona da irin idon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, yana jira. Shekara ashirin da shida yana yi mini gorin surutu, ashe ran nan surutun nawa ya dogara da shi.

Na ce, "Ka ce amana ta, Halliru."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sunkuya ya gyara wani silifa da ya kife, ya jera shi kusa da ɗan'uwansa, ya koma ya zauna a kan turmi.