Rigar Bututun da Muka Goge da Yashi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sani, kuma har yau a ƙauyenmu da ke kusa da Kamarawa akwai masu cewa bakinsa ne ya kashe mana rijiyar burtsatse.

Mu maƙera ne. Shi kaɗai ya yi nisa a boko, ya karanci yadda ake shimfiɗa ƙarfe a kan ƙarfe, kowane shafi bai kai sirantar gashi ba. Yakan ce kaurin shafin da yadda ya kwanta su ke yanke ko ƙarfen zai jure ruwa, ko zai ci kansa. Mukan yi masa dariya, mu ce abin da ido bai gani ba ina ruwan maƙera da shi.

Shekarar da fari ya ƙone gero tun kafin ya fid da kai, aka kawo mana bututun rijiya. Launinsu toka-toka, ba ƙyalli. Manyan baƙi za su zo buɗewa, sai dattawa suka ce a goge su da yashi da toka, yadda mata ke yi wa tukunya. Sani ya tsugunna gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, a bar su da duhunsu. Wagga dusashewa rigar ƙarhen ta. In an tuɓe ta, ruwanmu mai kanwa za shi cinye shi."

Wani dattijo ya ce, "Ɗan maƙera za shi koya muna ruwa?"

Bututun suka yi ƙyalli, baƙi suka yaba. Kafin damina biyu ruwan ya koma ja, sannan ya ɗauke. Mata suka koma tonon rairayi a gulbi. Ba wanda ya tuna da yashin. Abin da aka tuna shi ne maƙeri ya yi baki. Aka daina amsa sallamarsa. Da ya rasu, sahun jana'izarsa bai cika biyu ba.

Da zai dawo yau, zai tarar da sabuwar rijiya mai aiki da hasken rana, da gargaɗi a jikinta cewa kada a kankare bututu. Maganarsa ce, amma sai da baƙo ya faɗa aka ji. Wannan na ci mini rai.

Abin da ya rage nasa gaskiyar nan ce, da kuma shirunsa. Ya gan ni ranar, durƙushe, yashi cike da hannuna, ina goge bututu na uku. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba.