Kwanon Ruwan Baba Wada

Kowace safiya, kafin a kayar da sa ko ɗaya a kwata, Baba Wada mahauci yakan cika kwanon sha da ruwa har baki. Shi ke fara ɗauka, sannan duk mai aiki a ƙarƙashinsa ya ɗauka da hannu ɗaya ya kai gindin dalbejiya. Wanda ya zubar, babu wuƙa a ranar. Ba a korarsa. Zai zauna ya wanke tumbi, ya ci abinci da kowa, gobe ya sake gwadawa.

Mutanen Garoua sun san hannun da ke zubar da ruwa. Hannun da ya saba da tramol ne, ƙwayar da 'yan moto, masu haya da babur, ke jefawa a kofi don kashe gajiya, har wata rana a tsince su a bakin titi suna kumfa.

Yayana Salim yana cikinsu. Inna ta yi kuka, Baffa ya yi faɗa. Ni da ban iya ɗaga murya ba, sai in ajiye masa tuwo a ƙofa, in laɓe bayan labule. Da yamma in ɗauke kwanon yadda na ajiye shi.

Sai ga Baba Wada, tsohon da ba danginmu ba, ya same shi kwance a kasuwa, ya ce, "Kai ɗan moto, gobe ka zo ka ɗaukar mini ruwa." Ya kuwa je.

Ina jinjina maka, Baba Wada, amma ina kishinka. Kai ne kake ce masa, "Sarkin ban ruwa, dalbejiyata tana godiya," ya fashe da dariyar da muka daɗe ba mu ji ba a gida. Da jikinsa ya rikice saboda rashin ƙwaya, ni ke riƙe da mafici, sunanka yake kira. Kai ka kai shi asibiti, bayan ya ƙi mu. Ranar da ya isa gindin bishiyar bai zubar ba, a bakin Luba mai kunu na ji labari. Ko hanta ya kawo mana sai ya ce, "In ji Baba Wada."

Watan jiya ka ɗauki kwanon, ruwa ya zuba. Tsufa ne. Kowa ya kau da kai.

Salim ya ce, "Baba, iska ce."

Ka ce, "Iskar gidanku! Wa ka taɓa gani na ɗaga wa ƙafa?"

Ka ajiye wuƙa, ka zauna wankin tumbi. Yanzu za ka koma Mindif wajen 'ya'yanka. In ba ka nan, don wa Salim zai tsayar da hannunsa?

Mun gode, mai riƙon 'ya'yan wasu. Allah ya ba ka lafiya. Masu sana'ar garin nan, ku yi koyi da shi: ku hana wuƙa, kada ku hana wurin zama.

Jiya Salim ya shigo da kwanon ruwan, ka bar masa, Baba Wada. Yau da sassafe ya tsaya a ƙofata.

"Amatullah, cika mini. Har baki fa, kada ki tausaya mini."

Na cika. Hannuna ne ya yi rawa.