Butar Malam Issaka

'Yan uwa, yau ni na kai saƙon mutuwar mijina, bayan wata biyar!

Kun san na fita takaba. Na ce bari in ci gaba da sarin kifin maigidan nawa, Malam Issaka. Na ɗauki kwandonsa, na hau trotro, motar haya, daga unguwarmu Nima zuwa ƙauyen da yake saye, can saman dutse a bakin teku.

Na sauka, tsit! Ba kowa! Ashe Talata ce, masunta ba sa shiga ruwa. Da yana raye da ya gaya min.

Na bi 'yar hanyar bakin dutsen ni kaɗai. Teku na ta ruri a ƙasa. Jiragen duk a kan yashi.

Sai wata tsohuwa ta ƙwala kira daga ƙofarta: "Ei! Kwandon Issaka!"

Na tsaya cak.

Ta ce, "Ina shi? Ya yi fushi da mu?"

Kafin in buɗe baki ta shige ɗaki, ta fito da buta. Butarsa, wallahi! Mai igiya a hannu! Wai nan yake alwala, ya yi azahar a kan dutsen. Ita ba musulma ba ce, amma kullum sai ta canza ruwan, ko zai zo.

Na ce, "Maame, Issaka ya rasu."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ni na riƙe ta ina ba ta haƙuri!

Na ce ta ba ni butar. Ta ƙanƙame, ta hana.