Karsanar da Muka Sayar Saboda Bulokcen

Shekara bakwai ina riƙe da shagon gem a Batsari, talabijin uku da benci biyu. In mutum ya kawo min faifai zai sayar, sai in juya bayansa in duba ko ya karce, in goge da gefen riga, in saka a na'ura a gabansa. In daga baya ya ƙi yi, na san ƙofar gidansu. Haka na iya ciniki.

Sai ƙanena ya dawo daga Katsina da sabon karatu. Wai an daina yayin faifai. Akwai wani abu bulokcen, littafi ne da ke cikin dubban kwamfutoci, in ka sayi gem sai a rubuta naka ne, ba mai iya gogewa, in ya yi tsada ka sayar wa wani.

Na ce, "To wa ye dillalin?"

Ya ce, "Yaya, ai daɗin abin ke nan, babu dillali."

Mu tun da satar shanu ta yi yawa, ko maraƙi ba ka saye sai dillali ya tsaya ya ce ya san mai shi, ya san rugarsu. Ba son biyan la'ada muke ba. So muke gobe in magana ta tashi a sami wuyan rigar da za a kama. Na ce masa wannan cinikin biri a sama ne.

Jarin da yake hange kuwa karsana ce, ta mu biyu. Ita kaɗai ta rage a shanun mahaifinmu, don ranar da ɓarayi suka kore garken daga Runka tana gidan kawu ana mata maganin ƙafa. Na ƙi, na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya kai ƙara wajen Inna.

Inna ta ce, "Bar shi ya gwada. Kai ma da ka buɗe shagon nan cewa aka yi ka lalace."

Ni da hannuna na ja igiyar zuwa kasuwa, raina a ɓace.

Ya zuba kuɗin duka ya sayi wani gem a bulokcen ɗin. Wata huɗu yana nuna min waya yana washe baki, ni kuwa ina tanadin baƙar maganar da zan gaya masa. Rannan bayan la'asar ya shigo shago ya zauna ya gaya min abin da ya faru. Kamfanin da ya yi gem ɗin ya rufe, ba abin da ke buɗewa, ba kuma mai saye.

Ya miƙo min wayar ya ce, "Amma duba, Yaya, littafin bai yi ƙarya ba. Har yanzu nawa ne."

Gaskiya ne, yana nan a rubuce. Sai na tuna mahaifinmu. Har ya rasu yana iya faɗin tsagar kunnen kowace saniyarsa, duk Runka shaida ce nasa ne, ba wanda ya taɓa musa masa. Shanun dai suna daji. Tausayin ƙanena ya kama ni, na haɗiye maganar da na tanada.

Tare muka je gaya wa Inna. Ya yi ta mata bayanin littafin, tana saurare tana tsince gyaɗa.

Da ya gama ta ɗago kai ta ce, "To alhamdu lillahi, tun da naka ne. Wajen wa za a je a karɓo?"