Katin Baƙin Sama da I'inar Ɗana

Ɗana na fari mai i'ina ne. Tun da ya fara magana haka yake. Kalma ta zo bakinsa ta tsaya, ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa, kafin ta fito mai sauraro ya riga ya ƙarasa masa ita ya wuce. In na aike shi kasuwa sayen zare, sai ya tafi da guntun zaren ya nuna wa mai tebur don kada ya buɗe baki. A lakwal, wato makarantar boko, mushensu, malamin ajin, ya daina tambayarsa komai, ba don mugunta ba, sai don ƴan ajin suna dariya. Mun kai shi asibiti an duba harshe an ce lafiya lau. An yi masa rubutu ya sha. Innata ta aiko da sassaƙe daga ƙauyenmu. I'ina tana nan.

A Filinge muke zaune, ni ina ɗinki a gida, maigidana yana bin kasuwannin mako da hatsi. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ƙanen maigidana da ke bin mota zuwa Yamai ya kawo mana na'urar kallo da faya-fayai cikin leda. A cikinsu akwai wani zane mai motsi na ƴan Japan da aka juya zuwa Faransanci. Yaran unguwa suka raɗa masa suna baƙin sama. Da zarar wuta ta zo bayan la'asar sai ɗakinmu ya cika da yara, ni kuwa ko leƙawa ban taɓa yi ba.

Wata rana ina kan keken ɗinki sai na ji murya a bayan rumbu. Magana ce doguwa cikin Faransanci, da ƙarfi, ba gargada ko ɗaya. Na zaci ɗan maƙwabta ne. Na tashi in kore shi, sai na tarar da ɗana shi kaɗai, ya ɗaga hannu sama da wani guntun kwalin sukari da ya yi wa zane, yana kiran sunan dodon da ke jiki yana faɗin abin da zai yi wa abokin gaba. Ya dire kwalin a ƙasa, ya ɗauki wani, ya sake. Na tsaya a wurin har ƙafata ta yi sanyi. Ban bari ya gan ni ba.

Da maigida ya dawo daga kasuwar Bankuku ya ga kwalayen a kan tabarma, sai ya ɓata rai.

"Mi an nan? Karta a cikin gidana?"

Na ce, "Ba karta ba ce, Malam. Wasan yara ne."

"Da haka caca take farawa. Ki sa su cikin murhu, faifan kuma in mai da wa mai shi."

Na faɗa masa abin da na ji a bayan rumbu. Ya ce aku ma yana maimaita magana ba gargada. Na ce ya ba ni dama in kalli abin da idona daga farko, in na ga sharri ni da kaina zan ƙone. Ya ce in dai ina da lokacin ɓatawa, ga ni ga shi.

Washegari na sa aka ja keken ɗinkina zuwa ɗakin tele, inda na'urar kallon take. Matan unguwa suka samu abin faɗi. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ga shi ni na zauna cikin yara ina kallon zane saboda shi. Wata ta ce mini, "Ke kam ba ki da kunyar ɗan fari." Na ce kunyar tana nan, sunansa dai ban kira ba.

Labarin ba shi da wuya. Wasu halittu ne masu dogon wuya da ido ba gira suka sauko daga wani tauraro suna son ƙwace duniya. Maimakon bindiga, da kati ake yaƙin. Kowane kati da dodonsa a ciki, in ka dire shi sai dodon ya fito ya kara da na abokin gaba. Wani yaro mai shuɗin gashi shi ne gwani, shi ke tare su ɗaya bayan ɗaya.

Ban daɗe ba na gane abin da ya kama ɗana. A wasan nan, kafin ka dire kati dole ka faɗi sunansa da aikinsa da babbar murya, kuma abokin gabarka, ko shi ne sarkin mugaye, sai ya tsaya ya jira ka gama. Ba mai katse wani. Ba mai ƙarasa wa wani magana. Kowa da layinsa, kuma maganar tana da kiɗanta, a ja numfashi, a ɗaga hannu, a faɗa. Abin da yaron nan bai taɓa samu ba ke nan, a gida ko a waje. Wannan kam na yaba masa. Na kuma yaba yadda yara suka iya haɗa lissafi da ka, don kowane dodo da ƙarfinsa, sai ka tara ka ɗebe kafin ka san wa ya ci.

Amma abin haushinsa ma da yawa. Karawa guda sai a ja ta kamar ƙwaɓin danƙo, a yi ta nuna fuska ana zare ido, har in gama riga ba a dire kati uku ba. Ƴan matan ciki ba su da aiki sai tsayawa gefe suna tafi da kuka. Gwanin kuwa ba ya faɗuwa. Duk sanda aka matse shi sai ya rufe ido ya zaro katin da yake bukata daidai, wani sabo da ba a taɓa gani ba, ya fi na jiya ƙarfi. Na gane masu abin kati suke son sayarwa, don kuwa ba a jima ba sai ga su a teburan kasuwa cikin leda mai ƙyalli. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin. Duk cikinsu babu na kirki ko ɗaya. Ba a taɓa tambayar me ya koro su daga garinsu ba.

Na ce wa maigida ba zan ƙone ba, amma ba zan bar yaron da shi shi kaɗai ba. Na yanka mana kati daga kwalin da nake sa wa wuyan riga, na ce wa yaron ya zana, ya koya mini. Sharaɗina guda ne: da Hausa za mu yi.

"Da Ha-ha-hausa ba ya yi," in ji shi.

"Zai yi. Ɗaga hannun."

Ranar farko ya sha wuya. Kalmar ta tsaya, ya duba ni yana jira in ƙarasa masa kamar yadda na saba. Na ɗaure bakina na kafa masa ido. Ni ma ban san jira yana da wuya haka ba sai ranar. Muka yi ta yi kullum bayan la'asar, da rani da damina, ko akwai wuta ko babu. Sannu a hankali Hausar ta shiga kiɗan. In yana riƙe da kati hannunsa a sama, maganarsa sumul. In ya ajiye, i'ina ta dawo.

Innata ta zo daga ƙauye bayan girbi. Ita ƴar bori ce, kamar uwarta, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba ko da na auri mai salla a kan lokaci. Ta zauna ta kalli zanen da mu, tana tauna goro, na riƙa juya mata. Da aka gama ta ce, "Waɗanga ba su da ladabi. Su kira abu shi taho ba gaisuwa ba goge, shi yi musu faɗa, in an kashe shi su yar ko sannu babu." Da ta ga jikanta yana wasa a tsakar gida, ta daɗe tana kallonsa, ta ce mini, "Aron murya ya yi. Na sha ganin haka wurin wasan bori. Ku bar shi shi ara har tashi ta yi ƙwari."

Matsalar da na kasa magancewa ita ce faɗuwa. In ya ga zan ci shi, sai ya ruga ɗaki ya zano sabon kati mai ƙarfin da ya fi nawa duka. In na ƙi yarda ya watsar da wasan, ya wuni bai yi wa kowa magana ba.

Sojoji suka koma bariki, aka yi zaɓe. Ba a daɗe ba yaƙi ya tashi a Mali, mutane suka yi ta kwararowa zuwa sansanin ƴan gudun hijira na Abala. Wata rana maigida ya dawo da baƙi daga sansanin: wata mata da ciwon ƙafa ya kawo ta asibitin Filinge, da ɗiyarta wadda ba ta wuce sa'ar ɗana ba. Mijinta abokin cinikinsa ne tun kafin yaƙi. Muka share musu ɗakin da ke kusa da zaure. Ba su jin Hausa, ba su jin Zabarmanci, sai ɗan Faransancin da yarinyar ta koya kafin a rufe musu lakwal.

Yaran unguwa suka fara kiransu baƙin sama. Na ji, na tsawatar, na zaci ya wuce. Da hantsi wata rana yarinyar ta fito da buta za ta ɗebi ruwa a randa, sai ɗana ya tare ta a gaban abokansa. Ya ɗaga hannu da kati, ya ce da Hausa, da wannan murya mai kyau da na yi ta wahala a kanta, "Ke baƙuwa, wannan duniya tamu ce. Ki koma tauraronku, ba mu da wurinki!"

Ko harafi ɗaya bai tsaya masa ba. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ya yi wa wanda ba ɗan gida ba. Yarinyar ba ta ji kalmomin ba, amma ta ga hannun, ta ji dariyar. Ta ajiye butar ta koma ɗaki.

Maigida yana zaure, ya ji komai. Ya shigo ransa a ɓace ya ce, "To, kin gani. Yau kam sai murhu."

Na ce, "In an ƙone yau, abin da ya faɗa shi ne na ƙarshe da ya koya daga ciki. Ka bar ni da shi."

Na kori yaran. Na sa ɗana ya cika butar ya kai ƙofar baƙin da hannunsa. Sannan na shiga na gaida uwar, na roƙi ta ba ni aron ɗiyarta da rana. Da Faransancina na ƴar firamare da nuni da hannu na koya mata wasan, a ɗakin ɗinki, ba da saninsa ba. Yarinyar tana da kai. Lissafin da nake yi da yatsu ita kallo ɗaya take yi masa. Ba ta son ihun, a hankali take faɗin sunan katin kamar mai karatu.

Da na ga ta iya, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kira shi. Na zuba katin duka cikin ƙwarya, nasa da nawa, na rufe da faifai na girgiza, na ce kowa ya zara ba tare da ya duba ba, kuma ba mai tashi daga tabarmar sai an gama. Ya so ya ƙi. Na ce in ya ƙi, na yarda da maganar babansa. Ya zauna.

Uwar yarinyar ta jawo ƙafarta ta zauna bakin ƙofa. Maigida ya tsaya jikin rumbu kamar mai duba hatsi. Ɗana ya yi ta ɗaga hannu yana kirari, ita tana dire nata shiru-shiru, dodanninsa suna ƙarewa. Da ya rage masa guda, ya dubi ƙofar ɗaki, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya dire, ta cinye.

A zanen, gwani bai taɓa cewa an ci shi ba, don haka babu maganar da zai ara. Na ce, "Kai yaro, faɗa mata." Ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Ya runtse ido, ƙafarsa tana bugun tabarma, hawaye suna zuba. Yarinyar ta riƙe katinta ta jira. Babansa ya motsa baki zai taimake shi, na ɗaga masa hannu.

"Ki-ki-kin ci," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ki yi ha-haƙuri."

Na juya mata da Faransanci. Ta ɗaga kafaɗa, ta tattara katin ta mayar cikin ƙwarya, ta miƙa masa ya girgiza.

Sun zauna da mu har ƙafar uwar ta warke. A tsakanin nan ya ci ta, ta ci shi, sun yi faɗa a kan lissafi da harshen da su kaɗai suke ganewa. Ta zana kati da raƙumi mai fukafukai, shi ya ce ba a yin haka, ta ce a garinsu ana yi. Ranar kasuwa suka hau motar Abala, shi ya ɗaukar musu tabarma zuwa tasha. Daga baya muka ji sun koma Mali, ba mu sake samun labarinsu ba.

Ƙarshen zanen ba mu gan shi ba, faifan ya karce. Yaron ya girma ya bar kati da kansa, ƙannensa kuma ƙwallo suka fi so. Yanzu yana aikin allurar dabbobi a ƙauyukan Kurfai, dole ya tsaya gaban makiyaya ya yi musu bayani. I'inar ba ta tafi ba. Na taɓa bin sa wani ƙauye kusa da namu na ga yadda yake yi. In kalma ta tsaya sai ya ce, "Ku jira ni," su kuwa su jira.